Madara Ba Ta Wanke Huhu

Talata ce, hantsi bai gama dubar ludayi ba,
muna ginin ɗakin shan magani gabas da Birnin Kudu,
ni da injin yanka, Talle da cebur,
sai ga mota ta tsaya a gindin maina,
aka ce a ajiye aiki, a zo a saurara.

Mace ce ta fito, gajera, da jakar goyo,
Malama Barira daga ofishin lafiya.
Muka zauna kan bulo muna ƙunshe dariya:
wadda ba ta taɓa kwaɓa siminti ba,
ita za ta koya mana ƙura?

Ba ta yi dogon bayani ba.
Ta kai mu ɗakin da na yanka tayil da sassafe,
inda kowa zai rantse iska ta washe.
Ta turo ƙofa, ta kunna tocila.
Cikin hasken wani abu na lilo,
ya fi garin tuwo laushi,
bai sauka ba, bai da niyya, yana jira.

Ta ce: "Wadda kuke gani, hanci na tare ta.
Wannan ita ce silika, ɗiyar dutse da yashi.
In ta shiga huhu zaman dirshan take,
shekara goma ba ta ce uffan ba,
kuma ba sassaƙe, ba allura da za ta kora."

Talle ya ɗaga hannu da alfahari:
"Mu kullum da yamma gwangwani guda muke sha,
mu wanke ƙirji."
Ta ce: "Maƙogwaro hanya biyu gare shi.
Ɗaya ta nufi tumbi, ɗaya ta nufi huhu,
ko gaisawa ba sa yi a mararraba.
Sha don daɗi, amma kar ka ɗora ranka kan madara."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba.
Na tuna Baba Nomau, wanda ya fara ba ni guduma,
mai fasa dutsen da jaki uku ba su ja ba.
Yau daga zaure zuwa masallaci
sau biyu yake dafa katanga.
Mun ce sammu ne, mun ce sanyi ne,
mun sai masa madara katan guda bara.

Ta ce a jiƙa kafin a yanka.
Ta ba mu takunkumi mai kama karan hanci,
ta ce ƙyallen da muke ɗaurawa
rariya ce aka sa tare ruwa.
Ta ce iska ta zama a bayanka,
kuma a yayyafa kafin a yi shara.

Heluma Jatau ya ja tsaki:
"Wa zai biya kuɗin ruwan?
Jarka nawa kuke so in saya wa dutse?"
Ta dube shi, ta dubi ginin,
ta ce: "Ɗakin magani kuke ginawa.
Kuna so ku zama su wa za a fara kwantarwa?"
Bai amsa ba. Da azahar sai ga mai kura.

Na huda murfin gora da ƙusa,
Talle na ɗiga, ina yanka.
Abin da dā ke tashi fari ya rufe mana gira
yau ga shi kwance a ƙasa, caɓi,
kamar kunun da yaro ya ture da gora.

Da magariba na shiga gida.
Uwani ta sheƙo da gudu, hannu a buɗe,
kamar yadda ta saba cusa fuska a rigata.
Na ja da baya, na ce tsaya, 'yar baba.
Ta turo baki, ba ta gane ba.
Na tuɓe rigar a bakin rijiya, na tsoma ta a bokiti,
na wanke har bayan kunne,
ita tana tsaye da ƙafa ɗaya, tana jira.